Gasar zakarun besbol ta Karibiyan: a bar wa kulob-kulob kayansu

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, ina roƙon a ɗan bani fili in yi magana akan wata gasa da nasan da yawan masu karatu basu taɓa jin sunanta ba. Gasar zakarun kulob-kulob ce ta wasan besbol a yankin Karibiyan, su can suna ce mata Serie del Caribe, duk shekara a farkon watan Fabrairu ake yinta, kulob ɗin da ya ci lig a kowace ƙasa shi yake zuwa su kara a gari ɗaya cikin kamar sati guda. Tun 1949 take. Kofin zakarun kulob na Turai a ƙwallon ƙafa da ake kwana ana kallo a 1955 aka fara shi, kenan wannan ta girme shi da shekara shida.

Ga wanda bai san wasan ba, a taƙaice kowane ɓangare mutum tara ne, mai jifa yana wurgo ƙwallo da ƙarfin tsiya, mai bugu yana tsaye da gora yana jira, in ya samu ya make ta sai ya ruga ya bi tasha ta ɗaya, ta biyu, ta uku ya dawo inda ya tashi, wannan shine maki ɗaya. In ya make ta ta tsallake katangar fili gaba ɗaya to hom ron kenan, shi da duk wanda ke kan tasha su taka a hankali su dawo gida ba mai taɓa su. Zagaye tara ake yi, babu agogo, kuma ba'a tashi kunnen doki, in an yi daidai sai a ƙara zagaye har sai wani ya faɗi.

Mutane da yawa sun ɗauka wasan Amurkawa ne kawai, to gaskiya ne can ya taso, amma tun wajejen 1860 da wani abu ɗaliban Kyuba da suka yi karatu a Amurka suka dawo da shi gida, a 1878 har sun kafa lig nasu. Turawan Sifen da ke mulkin tsibirin a lokacin sun taɓa haramta shi, su kuwa 'yan ƙasa sai suka ƙara rungumarsa dan ya zamar musu wata hanya ta nuna cewa su ba Sifaniyawa bane. 'Yan Kyuban da yaƙi ya kora sune suka taimaka wajen kai shi maƙwabta, Jamhuriyar Dominikan da Benezuwela da Puwato Riko. Shi yasa zaka ga kulob irin Tigres del Licey na Santo Domingo, babban birnin Dominikan, tun 1907 yake, Magallanes na Benezuwela tun 1917, Escogido tun 1921. Waɗannan ba kulob ɗin jiya bane, kaka ya goya musu baya, uba ya goya, yanzu jika ne ke ɗaga tutar, kuma duk maganar da zanyi a ƙarshe akan wannan ta tsaya.

Tunanin haɗa zakaru wuri ɗaya daga wasu 'yan kasuwa biyu na Benezuwela ya fito, Oscar Prieto da Pablo Morales. Sun ga yadda jama'a suka cika fili a wata gasa da aka shirya a Karakas babban birnin ƙasarsu a 1946 wadda ta haɗo tawagogi daga Meziko da Kyuba da Amurka da masu masauki, sai sukace to me zai hana a mayar da abin na duk shekara amma zakarun lig kawai. A 1948 aka kafa ƙungiyar da zata riƙe gasar, a watan Fabrairun 1949 aka buga ta farko a Habana, babban birnin Kyuba. Ƙasa huɗu ce, Almendares daga Kyuba, Cervecería Caracas daga Benezuwela, Spur Cola daga Panama, sai Indios de Mayagüez daga Puwato Riko. Tsarin ba wani ruɗani, kowa ya kara da kowa sau biyu, wasa shida kenan cikin kwana shida, wanda yafi nasara ya ɗau kofi. Almendares suka cinye duka shidan.

Abin da ya fara jawo ni ga tarihin nan shine maganar baƙar fata. A Amurka sai 1947 Jackie Robinson ya samu shiga babban lig, kafin nan komai iyawarka in dai baƙi ne kai to lig ɗin baƙaƙe zaka ƙare. Amma a Kyuba da Puwato Riko da sauran tsibiran nan tun da daɗewa baƙi da fari suna tawaga ɗaya suna cin abinci tare, dan haka duk lokacin hunturu manyan 'yan wasa baƙaƙe na Amurka sai su gangaro kudu, a nan ake girmama su, a nan yara ke bin su a titi suna kiran sunansu. Willard Brown misali, wanda bai daɗe ba a babban lig na Amurka, a Puwato Riko sarki ne, shi ya zama gwarzon gasar 1953 lokacin da Cangrejeros de Santurce na Puwato Riko suka ci kofi a Habana. Wallahi duk sanda na karanta irin wannan sai naji gasar ta ƙara daraja a idona, dan ta bawa mutanen da aka rufe wa ƙofa a ƙasarsu filin da duniya ta gan su.

Santurce ɗin nan dai sune suka kawo tawagar 1955 da har yau ake labarinta. A Karakas aka yi. A tsakiyar fili akwai Willie Mays, wanda a shekarar da ta gabata ya zama gwarzon lig ɗinsa a Amurka kuma ya ci kofin ƙarshe da New York Giants, a gefensa kuma wani yaro ɗan shekara 20 mai suna Roberto Clemente da ko wasa ɗaya bai taɓa bugawa a babban lig ba tukuna. Ga Bob Thurman, ga Buster Clarkson, ga Don Zimmer. To amma Mays da aka zo gani sai abu yaƙi, ya tsaya bugu sau goma sha biyu a jere bai samu ko ɗaya ba, 'yan kallon Karakas har sun fara yi masa ihu. Aka zo wasa da Magallanes masu gida, 2 da 2 har aka wuce zagaye na tara aka kai na goma sha ɗaya. Mai jifan Magallanes Ramón Monzant ne, abokin wasan Mays ne a Giants, ya san shi ciki da waje. Clemente ya samu bugu ya tsaya a tasha, Mays ya shigo, ya make ƙwallon nan ta tsallake katanga, 4 da 2, wasa ya ƙare nan take. Daga ranar kuwa ba'a ƙara iya tsayar da shi ba har aka gama, Santurce suka tafi da kofi, duk da dai Zimmer aka bawa kyautar gwarzo. Shi kuwa yaron nan Clemente shine ya zo ya yi bugu 3000 cif a Pittsburgh, ya rasu ranar 31 ga Disamba 1972 a hatsarin jirgin sama yana hanyar kai kayan agaji ga mutanen Nikaraguwa da girgizar ƙasa ta afka wa.

Cikin gasa 12 na farko, daga 1949 zuwa 1960, kulob ɗin Kyuba sun ci bakwai, biyar na ƙarshe ma a jere, Cienfuegos, Marianao sau biyu, Almendares, sai Cienfuegos kuma. Puwato Riko huɗu. Panama ɗaya, a 1950 ta hannun Carta Vieja. Benezuwela da suka kawo tunanin ko ɗaya basu samu ba.

Sai siyasa ta shigo. Fidel Castro ya karɓi mulki a 1959, dangantaka da Amurka ta lalace, a 1961 gwamnatinsa ta soke wasan da ake biyan 'yan wasa kuɗi gaba ɗaya a Kyuba tace wasanni na al'umma ne ba sana'a ba. A shekarar kuwa Habana ce ya kamata ta karɓi baƙuncin gasar. Shikenan ba'a yi ba. Almendares da Habana da Marianao da Cienfuegos, kulob ɗin da suka riƙe mutane shekara da shekaru, aka wayi gari babu su, aka kafa sabon lig na larduna a madadinsu. Kowa da ra'ayinsa akan juyin juya halin Kyuba kuma ba shi na zo yi ba, amma a ɓangaren wasan nan dai asara ce aka yi babba, mutum ya tashi da kulob tun yana yaro rana ɗaya ace masa babu. Sauran ƙasashen sun ɗan lallaɓa da wata gasa ta maye gurbi daga 1961 zuwa 1964 amma bata yi ƙarko ba, ita kuwa ta asalin shekara tara ta kwashe a kwance.

A 1970 aka tashe ta a Karakas da ƙasa uku kacal, Benezuwela, Puwato Riko da sabon shiga Jamhuriyar Dominikan, Magallanes suka ci, kofin farko kenan da ya shiga Benezuwela. Shekara ta zagayo Meziko ta shigo aka koma huɗu, Licey suka cinye wasa shida ba faɗuwa ƙarƙashin Manny Mota wanda yake koci kuma yake bugawa a lokaci guda. Daga nan fa 'yan Dominikan suka kama abin basu sake ba. Zuwa 2025 kulob ɗinsu sun ci kofi 23, Licey kaɗai 11, Águilas Cibaeñas shida, Escogido biyar, Toros del Este ɗaya. A lokacin Puwato Riko na da 16, Meziko tara, Kyuba da Benezuwela takwas-takwas. Ƙasar da ta makara shekara ashirin ita ce yanzu a gaba da nisa, kuma ba mamaki in ka duba cewa a duk ƙasashen waje ba wadda ta kai ta tura 'yan wasa babban lig na Amurka.

Ba wai daga 1970 komai ya tafi sumul bane. A 1981 ba'a yi ba saboda 'yan wasan Benezuwela sun shiga yajin aiki. A 1990 da 1991 aka kwashe ta aka kai Miyami neman kuɗi, ta farkon ma a filin da aka gina dan wani wasa daban aka buga ta, abin bai yi armashi ba aka dawo da ita gida. A 2003 yajin aikin gama gari ya tsayar da lig ɗin Benezuwela, a 2008 kuma Puwato Riko ce bata yi lig ba sam, duk sai aka cike gurbi da kulob na biyu daga wata ƙasar. Haka dai ake ta faɗi tashi amma Fabrairu na zuwa sai kaga an haɗu.

Tawagar da ake haɗa ta da ta Mays wajen ƙarfi ita ce ta 1995 a San Juan ta Puwato Riko. Yajin aikin 'yan wasan Amurka na 1994 ne ya jawo, tunda an tsayar da babban lig tun watan Agusta manyan taurari duk suna gida ba aikin yi, sai suka shiga lig ɗin hunturu. Senadores de San Juan suka fito da Roberto Alomar, Edgar Martínez, Carlos Baerga, Juan González, Bernie Williams, Rubén Sierra, Carlos Delgado, duk a jeri ɗaya, mai jifa ya rasa wanda zai huta a kansa. Abokan hamayyarsu na Dominikan ma ba kanwar lasa bane dan suna da Pedro Martínez da José Rijo, amma haka San Juan suka cinye shida ba faɗuwa, Alomar ya zama gwarzo. Tun daga nan gaskiya ba'a sake ganin irin wannan taron taurari ba kuma dalili a fili yake, kulob ɗin Amurka da ya zuba miliyoyin daloli akan ɗan wasa baya son yaji ance ya karye a wani fili a watan Fabrairu ana saura kwana kaɗan a fara atisaye, har yarjejeniya ce dasu da ta basu damar hana wanda ya buga da yawa a kakar da ta wuce, suce ya gaji. Dan haka yanzu yawanci matasa ne masu tasowa, da tsofaffin da suka gama da Amurka, da waɗanda gida ne kawai suka sani. Wasu na cewa wannan ya kashe gasar. Ni ban yarda ba ko kaɗan.

Hujjata kuwa fainal ɗin 2013 a Hermosillo ta Meziko, shekarar da aka fara kawo wasan ƙarshe a maimakon lissafin tebur kawai. Yaquis de Obregón da Leones del Escogido. Obregón na gaba har zagaye na tara, Escogido suka farke. Aka ci gaba, na goma, na sha ɗaya, na sha biyu, ana ta canza masu jifa har benci ya kusa ƙarewa. A na sha huɗu Karim García ya buga hom ron, 'yan Meziko suka fara murna an gama, Miguel Tejada ya sake farkewa. Dare ya raba, sanyi ya sauko, mutane na lulluɓe a kujeru sunƙi tafiya. Sai a zagaye na 18 Doug Clark ya tsallakar da ita katanga, 4 da 3, bayan awa bakwai da minti 28 ana abu ɗaya, wasa biyu cur kenan aka buga a dare guda. Babu wani Mays a filin nan ranar, amma ka tambayi duk wanda ya gani ko ya rasa wani abu.

A 2014 Kyuba ta dawo bayan shekara 54, a matsayin baƙuwa, Villa Clara suka zo tsibirin Margarita na Benezuwela suka ƙare a ƙarshen tebur. Shekara ta zagayo Pinar del Río suka zo San Juan, wasa ɗaya kawai suka ci a zagayen farko, da kyar suka shige, amma suka kada Caribes de Anzoátegui a na kusa da ƙarshe suka kuma doke Tomateros de Culiacán 3 da 2 suka ɗau kofi, na farko tun 1960. To sai dai dawowar ta zo da nata ciwon, kusan duk fita sai anji wani ɗan wasa ya sulale daga otal, a 2016 a Santo Domingo 'yan gida ɗaya Yulieski da Lourdes Gourriel suka tafi, kuma Yulieski na cikin manyan taurarin ƙasar a lokacin. A 2020 da aka koma San Juan kuma maganar biza ta hana su zuwa kwata-kwata, tunda Puwato Riko ƙarƙashin Amurka take. Yau suna ciki gobe basa ciki. Ƙasar da aka haifi gasar a cikinta ace har yanzu sai an gayyace ta, kuma gayyatar ma ta danganta da inda za'a yi, wannan abu yana min ciwo sosai.

Shekarun da suka biyo baya su ne na fi so a duk tarihin. A watan Satumban 2017 guguwar Maria ta ragargaza Puwato Riko, wata da watanni wasu garuruwan babu wuta, lig ɗinsu sai a watan Janairu aka ɗan buga shi a gajarce, amma Criollos de Caguas suka je Meziko a 2018 suka kare kofin da suka ci a 2017. A 2019 Barquisimeto ta Benezuwela ce zata karɓi baƙi, ana saura 'yan kwanaki rikicin mulki tsakanin shugaba Maduro da madugun adawa Guaidó ya ɓarke, aka tattara aka koma Panama a gurguje, aka ce to tunda ku ne masu masauki ku kawo zakaranku. Panama rabonta da gasar tun 1960. Toros de Herrera da ba wanda ya sa su a lissafi suka shiga filin Rod Carew suka kai fainal suka doke Las Tunas ta Kyuba 3 da 1, kofi na biyu ga ƙasar bayan shekara 69. Kolombiya kuwa da ta maye gurbin Kyuba a 2020 ta sha kashi a duk wasanninta biyar, a 2021 ta sake shan biyar, mutane har suna cewa a daina gayyato su suna ɓata tebur, sai gashi a 2022 Caimanes de Barranquilla sun je har Santo Domingo sun doke Gigantes del Cibao 4 da 1 a gaban jama'arsu. Sai 2024 a Miyami, Tiburones de La Guaira na Benezuwela da suka yi shekara 38 basu ci lig ɗin gida ba, Ozzie Guillén wanda a kulob ɗin ya taso yana yaro ya dawo a koci ya ci musu lig ya kuma ci musu Karibiyan, suka doke Licey 3 da nema a gaban mutum sama da dubu 36. A gasar ne mai jifansu Ángel Padrón ya gama zagaye tara da 'yan Nikaraguwa ba wanda ya samu bugu ko ɗaya a kansa, abin da rabon a gani tun Tommy Fine a 1952.

To Edita ga inda nake son zuwa. Duk labaran nan da na kawo in ka duba sunan kulob ne a kai, Santurce, Obregón, Caguas, Herrera, La Guaira, gari ne da mutanensa da shekarun da suka yi suna jira. Amma a hankali ana ta mayar da gasar ta ƙasashe. Riga yanzu sunan ƙasa ne a ƙirji ba na kulob ba, mai kallo daga nesa zai ɗauka tawagar ƙasa ce. Sannan ga maganar 'yan ƙari, wato zakara yana da damar ɗebo 'yan wasa daga kulob ɗin da ya kayar ya tafi dasu. Asali abu ne mai ma'ana, dan wasu na komawa Amurka da an gama lig, dole a cike gurbinsu, kuma wasa kullum-kullum na cin masu jifa. Amma an wuce gona da iri, wani lokacin sai kaga yawancin waɗanda ke fili ba 'yan kulob ɗin bane, Pinar del Río ɗin 2015 ma da na yaba kusan tawagar ƙasar Kyuba ce aka sa wa sunan lardi. Yaron da ya sha wahala tun watan Oktoba, ya bi dogayen tafiye-tafiye a bas, ya buga da ciwo har aka ci lig, ranar tafiya sai ace ya zauna a gida an ɗauko wanda ya fi shi suna daga kulob ɗin da suka doke, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan. Ni a ganina a sa iyaka, biyar ko shida su isa, in an sha kashi a sha da mutanen da suka kawo ka.

Na biyu kuma maganar gayyata. Ba gayyatar nake ƙi ba, ai ita ta bamu Panama da Kolombiya, kuma naji daɗi da aka buɗe wa tsibirin Kurasawo ƙofa a 2023 da Nikaraguwa a 2024. Abin da nake cewa shine duk wanda zai zo ya zama ya ci wani abu a gidansu. A 2025 a Mexicali ta Meziko aka kawo wata tawaga mai suna Japan Breeze, ba zakaran lig ɗin Japan bane, ba zakaran komai bane, haɗa ta aka yi dan gasar, suka zo suka sha kashi a duk wasanninsu suka koma, alhali Panama da Kolombiya masu kofi a hannu suna gida ba'a kira su ba. Gasar ta yi kyau a ƙarshe dan Escogido ƙarƙashin Albert Pujols sun doke Charros de Jalisco da 1 da nema a fainal mai zafi, amma wancan gurbin an ɓata shi. In kasuwar Japan ake nema to a yi haƙuri a zauna da masu lig ɗin Japan a nemi zakaransu na gaske, in sunƙi a haƙura.

Wani zai ce ai tutar ƙasa ita ke cika fili kuma ita ke sayar da talla, musamman a Miyami inda 'yan ci rani daga duk ƙasashen nan suke, kuma gaskiya ne, ɗan Dominikan mai goyon Águilas bazai sayi tikiti dan Licey ba amma zai saya dan ƙasarsa. Na fahimci wannan kuma nasan ba'a yin gasa da aljihu wayam. Amma ai gasar ƙasashe akwai ta, tun 2006 ake yin World Baseball Classic kuma can ne taurarin gaske suke zuwa, in wannan ta ce zata yi gogayya da waccan a fagen tuta to ta faɗi tun kafin a fara, abin da take da shi wanda waccan bata da shi shine kulob. Sannan a duba abin da ya faru a Asiya, su ma sun gwada tasu gasar zakarun daga 2005, Japan da Koriya ta Kudu da Taiwan da Sin, da kamfani mai ɗaukar nauyi da babban fili a Tokyo da komai, Chiba Lotte Marines suka ci ta farko, aka yi ta tsallake shekaru, Canberra Cavalry ta Ostareliya ta ci ta 2013 daga nan ba'a sake yi ba. Suna da kuɗin da Karibiyan basu dashi, amma manyan kulob ɗinsu basu taɓa ɗaukarta da muhimmanci ba kuma magoya baya ma haka. A Karibiyan kuwa ɗan Licey yana ƙirga 11 ɗin nan yana yi wa ɗan Águilas gori dasu duk shekara, wannan gorin shi ke riƙe da gasar, in aka goge sunan kulob daga riga shi ake gogewa.

Dan haka roƙona ga shafinku na wasanni, in Fabrairu ta zo ku ɗan ware mata ko da sakin layi biyu ne a rana na sati ɗayan nan, kuma dan Allah in zaku rubuta sakamako ku sa sunan kulob ɗin da garinsa tukuna sannan ƙasar ta biyo baya, kuce Tiburones na La Guaira sun doke Licey na Santo Domingo.

Nagode da bani wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karanta ku a kullum